Ku Tambayi Tsohon Hedimasta: Bulala a aji, bulala a jam'iyya

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru da yawa, rabi a kan dukan yara a makaranta, rabi a kan rigimar shugabancin jam'iyyu. Da farko na so in raba su gida biyu kowanne da makonsa, sai da na zauna ina karantawa na ga ashe duk kukan wuri ɗaya ya dosa, shi ya sa na haɗe su. Na rage tsawon wasu saboda fili, a yi mini afuwa.

TAMBAYA: Baba Hedimasta ina wuni, ya ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Ɗana shekararsa 9 yana aji huɗu a firamare, ranar Talata ya dawo gida ya ƙi cire riga, sai da na matsa masa na ga bayansa duk shatar bulala har wuri biyu ya fashe, wai don bai kawo aikin gida na lissafi ba. Na ce zan je makarantar babansu ya ce kar in kuskura, wai mu ma haka aka dake mu ga shi mun zama mutane, in na je na zubar wa malamin mutunci yaron zai raina shi. Yanzu kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Wallahi na rasa yadda zan yi. Daga wata uwa.

AMSA: 'Yata lafiya lau, Allah ya ba yaro lafiya. A je makarantar. Amma ba da faɗa ba, ba a gaban aji ba, kuma ba a bayan idon maigidanki ba. Ki bari sai ya huta hankalinsa ya kwanta, ki kira yaron ki ɗaga rigar ya gani da idonsa, don a ce maka an daki ɗanka daban, ka ga fata ta fashe kuma daban. Ku je tare wajen hedimasta a kira malamin ofis a rufe ƙofa. Kin ga mutuncin da babansu yake tsoron a zubar yana nan bai zube ba, kuma an yi maganar da ya kamata a yi.

Ciwon cikin nan kuma kar ki ce ƙarya yake. Tsoro yana murɗa cikin yaro kamar yadda yake murɗa na babba, kuma daga nan ake farawa, yau ciwon ciki, gobe ya fita da jaka amma bai isa aji ba.

Ita kuma maganar mu ma an dake mu, na ji ta ya fi a ƙirga, ni kaina na sha faɗarta. Abin da na lura daga baya shi ne, masu faɗarta su ne waɗanda suka jure suka kai ƙarshe. Waɗanda suka gudu tun daga aji uku ba su sake leƙa makaranta ba, ba wanda yake kiransu ya ji nasu bayanin.

Bari in ba ki labarin da har yau yake ci mini rai. Shekarata ta uku da fara koyarwa akwai wani yaro shiru-shiru a layin baya, kullum in na karɓi littattafai nasa rabi ne, wani layin ma ya rubuta abin da ba shi na rubuta a allo ba. Na ɗauka lalaci ne da wasa, kullum bulala uku a tafin hannu. Har ta kai tun kafin in kira sunansa ya taso ya miƙo hannu ya kau da kai ya runtse ido, baya ya koma ya soke hannun a hammata yana hurawa in ya ga ban kallonsa. Wata rana bencinsu ya karye aka dawo da su gaba, ranar ya kwafe komai tsaf ba kuskure ko ɗaya. Da aka tashi na tsayar da shi, na yi rubutu a allo na ce ya koma can baya ya karanta mini. Ya tsaya ya ƙanƙance ido ya ƙanƙance, ya yi shiru. Ashe ba ya gani. Zango biyu cur ina dukan yaro a kan ciwon ido. Bai taɓa faɗa ba don shi bai san sauran yara suna ganin abin da ba ya gani ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba saboda kullum bulala tana riga tambaya fita. Aka samo masa tabarau, ya gama cikin na gaba-gaba a ajin, amma har ya bar makarantar in na ɗaga hannu zan sosa kai sai na ga ya zabura.

Saboda haka in kun zauna da malamin, tambayar farko ita ce me ya hana yaron yin aikin. Bai gane ba ne, ko ba ya gani, ko ba ya ji sosai, ko ba a ba shi lokaci a gida. Ke ma ki binciki naku ɓangaren. Sannan ki sani ko a inda doka ta bar wa malami damar horo, ta gindaya sharaɗi. A Arewacin Najeriya misali, sashe na 55 na dokar Penal Code ya yarda malami ya hori yaron da bai kai shekara 18 ba amma da sharaɗin kada abin ya kai ga mummunan rauni. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ita ma a sashe na 28 ta ce ladabtarwa a makaranta dole ta kiyaye mutuncin yaro. Ki ɗauki hoton bayan ki ajiye, a duba shi a asibiti, ba don kotu nake cewa ba, don kar gobe a ce ƙari kika yi. In hedimasta ya yi biris kuma abin ya maimaitu, to sai ku kai gaba wajen hukumar da ke kula da makarantar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamin ƙaramar sakandare ne shekara 11 ina koyarwa, ajina yara sun haura 90 wasu a ƙasa suke zama. Gaskiya masu cewa a daina duka ba su taɓa tsayawa gaban aji irin wannan ba, ka shiga da minti 40 rabi ya tafi a ku yi shiru ku yi shiru, in ba ka riƙe bulala ba wa zai saurare ka? Kuma ai Turawa ne suka kawo mana wannan ra'ayin, ga shi can yaransu suna zagin malamai ido da ido. Addini ma ai ya ce a daki yaro a kan sallah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga wani malami.

AMSA: Malam na gaishe ka, kuma ban raina wahalarka ba don na tsaya inda kake tsaye, na san yadda murya take dushewa kafin a tashi tara. Duk wanda ya ƙwace wa malami bulala bai rage masa yawan yara ba, bai ba shi benci ba, bai biya shi albashi a kan lokaci ba, rabin aiki ya yi. Afirka ta Kudu ta haramta duka a makarantu tun 1996, Kenya a 2001, kuma har yanzu ana samun malamai a can suna yi a ɓoye, don takarda kaɗai ba ta sauya aji.

Amma maganar Turawa sai mun gyara ta. Su ma fa madoka ne na gaske. A makarantun gwamnatin Birtaniya ana zane yara da sanda har zuwa 1987, kuma ba da sauƙi aka daina ba. Wasu iyaye mata biyu 'yan Sikotilan ne suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai suka yi nasara a 1982, sannan da maganar ta zo majalisa a 1986 da ƙuri'a ɗaya tak aka rinjaya, 231 da 230. Makarantun kuɗi na Ingila sai wajen 1999 dokar ta hau kansu. A Amurka kotun ƙoli ta ce a 1977 dukan ɗalibi bai saɓa wa tsarin mulki ba, kuma har gobe akwai jihohin da doka ta yarda da shi. Suwidin ce ta yi gaba da wuri, makaranta a 1958, gida a 1979. To ka ga bulalar aji ba gadonmu ba ce mu kaɗai, barinta kuma ba nasu ba ne su kaɗai.

Tun kafin a haifi kakannin waɗancan 'yan majalisar, Ibn Khaldun wanda ya rasu a 1406 ya ware babi guda a littafinsa Muƙaddima a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi. Ya ce yaron da aka rena da ƙarfi da tursasawa kuzarinsa yana mutuwa, ya koyi kasala da ƙarya da yaudara, yana nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da zai sauka a kansa. Malaman Malikiyya na birnin Ƙairawan a Tunisiya irin su Ibn Sahnun da suka yarda da dukan ma sai da suka ɗaure shi tamau, asali kar ya wuce uku, ba cikin fushi ba, ba a fuska ko a kai ba. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, cikin dukan da ake yi a makarantu kashi nawa ne ba cikin fushi ake yinsa ba?

Hadisin sallah kuwa gaskiya ne yana nan, a umurce su suna da shekara bakwai, a dake su a kanta suna da goma. Dubi tazarar, shekara uku ana koyarwa da baki kafin a zo maganar hannu, kuma a kan sallah, ba a kan kasa raba goma sha biyu gida huɗu ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Wannan ita ce sunnar da aka fi mantawa da ita. Shi kuma iccen da ka ambata, tanƙwarawa aka ce, a hankali da hannu biyu, wanda ya sa ƙarfi karya shi yake yi.

A 2016 wasu masu bincike biyu a Amurka, Gershoff da Grogan-Kaylor, sun tattara nazarce-nazarcen shekaru masu yawa da suka shafi yara sama da 160,000, ba su ga duka yana gyara hali ba in tafiya ta yi nisa, abin da suka gani yana tafiya tare da shi shi ne ƙarin taurin kai da faɗa. Ni ban buƙaci bincike ba ma, leƙe ta taga ya ishe ni. Ajin malamin da ya fi kowa duka tsit kake ji in yana ciki, ya fita da minti biyu kamar an buɗe kasuwa. Wannan ba ladabi ba ne, jira ne.

Abin da ya yi mini aiki bayan na ajiye tawa ba wani sihiri ba ne. Ranar farko muna zama da yaran mu tsayar da dokoki kaɗan, ba su wuce biyar ba, a rubuta a jikin bango tare da abin da zai biyo bayan wanda ya karya, kuma ɗan hedimasta da ɗan maigadi hukuncinsu ɗaya. Wanda ya ɓata abu shi zai gyara, wanda ya cinye lokacin aji zai biya daga lokacin wasansa. Masu surutun nan uku ko huɗu ne suke kunna sauran, ka raba su ka dawo da su gabanka, ka ba ɗaya riƙon alli ɗaya rajista. Ka haddace sunaye ko da zai ɗauke ka wata biyu, don a ce kai mai jar jaka da kiran yaro da sunansa ba ɗaya ba ne a kunnensa. Abu biyu kuma na roƙe ka ko ba ka yarda da sauran maganata ba, kar ka daki yaro don ya ba da amsa ba daidai ba, in ka yi haka ka rufe bakin aji gaba ɗaya, kuma kar ka taɓa miƙa wa monita bulala.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan jam'iyya ne tun daga matakin mazaɓa, mu ne manna fosta mu ne tsaron akwati. Abin da ke damuna me ya sa shugaban jam'iyya na ƙasa ba ya daɗewa a kujera, yau an naɗa gobe an tsige jibi kotu, kuma kowa ya yi magana sai a ce anti-fati yake a dakatar da shi. Wani abokina ya ce rashin ladabtarwa ne, da za a samu shugaba mai zafi ya kori mutum goma kowa zai shiga taitayinsa. Haka ne? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗana, abokinka irin tunanin da nake da shi ne lokacin da nake dukan yaron can mai ciwon ido. An gwada abin da yake faɗa ai. A 2013 lokacin Bamanga Tukur yana shugaban PDP an dakatar da gwamna Rotimi Amaechi, aka dakatar da gwamna Aliyu Wamakko na ɗan lokaci, ana ganin za a tsorata sauran. Me ya biyo baya? Ranar 31 ga Agusta wasu gwamnoni da Atiku Abubakar suka fice daga babban taron jam'iyya a dandalin Eagle Square suka kafa sabuwar PDP, a watan Nuwamba gwamnoni biyar suka koma APC, Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Amaechi da Abdulfatah Ahmed. Janairun 2014 Tukur ya sauka, 2015 jam'iyyar da ta yi shekara 16 tana mulki ta faɗi. Ban ce dakatarwar kaɗai ta kayar da su ba, dalilai suna da yawa, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

APC ma ba ta tsira ba. Adams Oshiomhole ya hau a 2018 da sunan zai dawo da ɗa'a, mutum ne mai kaifin baki ba ya tauna magana. A zamaninsa rigimar zaɓen fid da gwani ta sa kotun ƙoli a Mayun 2019 ta soke duk ƙuri'un APC a Zamfara, kujerar gwamna da ta 'yan majalisa suka tafi ga PDP. Shi kansa daga mazaɓarsa ta jihar Edo aka dakatar da shi, kotu ta tabbatar, 2020 ya tafi aka kawo kwamitin riƙo na Mai Mala Buni. Abdullahi Adamu ya hau a Maris 2022 ya sauka a Yulin 2023, Ganduje ya karɓa ya ajiye a Yunin 2025. Can PDP kuma Iyorchia Ayu shi ma daga mazaɓarsa a Binuwai aka dakatar da shi a 2023, kafin nan an yi rigimar Ali Modu Sheriff da Ahmed Makarfi har sai da kotun ƙoli ta raba gardama a Yulin 2017.

Dalilin da nake gani shi ne yawancinsu ba daliget ne suka zaɓe su da gaske ba, ɗauki-ɗora ne da sunan maslaha, gwamnoni da fadar shugaban ƙasa su zauna su fitar da suna, a zo filin taro a ce kowa ya ce eh. Wanda aka ɗora haka ba shi da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa, ranar da ubangida ya juya baya shikenan. Kuma ita dakatarwar ba a yinta bisa tsarin mulkin jam'iyya, ba a kira mutum ya kare kansa, mai ƙarfi ya yi zagon ƙasa a fili a kau da kai, ƙaramin ɗan jam'iyya irinka ya yi ƙorafi a Facebook a kore shi. Yaran aji ma suna gane malamin da yake zaɓen wanda zai daka, balle manya masu gemu.

Ka lura ma da sunan muƙamin nan na majalisa, bulaliyar majalisa. Daga Ingila aka aro shi, asalinsa mutumin da yake bin karnukan farauta da bulala kar su watse. A Yulin 2024 an cire Sanata Ali Ndume daga wannan kujera bayan ya soki gwamnati a kan yunwa da tsadar rayuwa, an cire shi amma maganar da ya yi tana nan a bakin mutane. A can Birtaniyar ma Firaminista Boris Johnson ya kori 'yan majalisarsa 21 daga sahun jam'iyya a Satumban 2019 a kan rigimar fita daga Tarayyar Turai, cikinsu har da jikan tsohon firaminista Churchill. Ya ci zaɓe bayan nan da babban rinjaye, gaskiya ne, amma a Yulin 2022 ministoci da mataimaka sama da 50 suka ajiye aiki cikin kwana biyu, dole ya sauka. Bambancinsu da namu ɗaya ne da nake so ka riƙe, su suna da hanyar cire shugaba a rubuce, kowa ya san adadin wasiƙun da za a tara kafin a kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, Firaminista Margaret Thatcher da ta ci zaɓe sau uku ta hanyar ƙuri'ar 'yan majalisarta ta tafi a 1990. Jam'iyyar ANC ta Afirka ta Kudu ma kwamitin zartarwarta ne ya zauna ya janye Thabo Mbeki a 2008 da Jacob Zuma a 2018. Ana jin zafi, ana ɓata, amma ba a farkawa da safe a ji wasu mutum tara a mazaɓa sun tsige shugaban jam'iyya na ƙasa da takardar da ba a san wa ya rubuta ba.

Kai da kake ƙasa, ka nemi kundin tsarin mulkin jam'iyyarku ka karanta sashen ladabtarwa da na zaɓen shugabanni, ka tabbata sunanka yana cikin rajistar mazaɓa, ka halarci taro ko ba a raba komai. In an zo dakatar da wani, ko abokin hamayyarka ne, ka tashi ka tambaya an ba shi takardar tuhuma, an saurare shi? Ran da aka zo kanka za ka so a samu mai yin wannan tambayar.

TAMBAYA: Baba a taƙaice, ba ka ganin sai an dawo da irin yaƙi da rashin ɗa'a na zamanin soja ƙasa za ta gyaru? Babana yana yawan yabon lokacin. Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata ina nan aka yi shi, Maris 1984 zamanin Buhari da Idiagbon. Gaskiyar babanki ne, mutane sun bi layi, an share tituna, ma'aikacin da ya makara an sa shi tsallen kwaɗo a gaban ofis da furfurarsa. Na ga layin da idona kuma na ji daɗinsa. Amma a Agustan 1985 aka kifar da gwamnatin, kuma ba a daɗe ba na koma tashar motar da nake hawa kullum na tarar ana turereniya ana shiga ta taga kamar ba a taɓa yin layi a wurin ba. Ki tambayi babanki ko ya tuna wannan ɓangaren, ki rubuto mini abin da ya ce, zan sa a fili na gaba in Allah ya kai mu.